Bencin Baya: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Fastoci Da Dattawan Ikilisiyoyinmu Na Arewacin Kamaru

Zuwa ga iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa a Garwa, da Marwa, da Ngaundere, da ƙauyukan da ke tsakaninsu.

Iyayena, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, ina fama da jama'a? Allah ya ƙara muku lafiya da ƙarfin ɗaukar wannan kaya.

Ni tela ne a Garwa. Ban yi makarantar tauhidi ba, iyakar karatuna ajin baftisma ne da Littafi Mai Tsarki da nake buɗewa da asuba kafin in hau keken ɗinki. Amma na yi shekara 11 a majalisar dattawan wata ikilisiya, kuma duk tsawon shekarun nan a hannuna littafin horo yake. Ni nake rubuta sunan wanda aka dakatar daga Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Almasihu, da laifinsa, da ranar da aka yanke masa hukunci. Ba zan ambaci sunan ikilisiyar ba, domin na yi sujada a wurare da dama, na ga abin da zan faɗa ba nata ba ne ita kaɗai. Na san ba al'adarmu ba ce ƙarami ya tsaya a bainar jama'a yana yi wa manya magana, ku gafarce ni. Na rubuta a fili ne saboda mutanen da zancen ya fi shafa ba sa shiga taron dattawa. Suna bencin baya, inda waɗanda aka sa a horo suke zama, wasu kuwa sun daina zuwa gaba ɗaya, ina so su ma su ji. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Da mahaifiyata zan fara.

Inna tana da shekara 16 aka kai ta gidan Baba, ita ce ta biyu. Uwargida ba ta sami haihuwa ba, dangi suka matsa, Baba ya ƙara aure. Babu wanda ya nemi shawarar Inna, an karɓi sadaki an kai ta. Baba da Inna duka masu baftisma ne, saboda haka rana ɗaya aka sa su a horo. Baba ya yi fushi ya daina zuwa sujada. Inna kuwa ba ta fasa Lahadi sai da ciwo ko jego. Wurin zamanta ɗaya ne, benci na ƙarshe kusa da ƙofa, gefen randar da yara suke shan ruwa.

Kowace Asabar da yamma ita take share majami'a. Idan ana gobe Jibi, ita take wanke farin ƙyallen da ake rufe tebur da shi. Ina yaro nakan zauna in kalle ta tana zuba garwashi a dutsen guga, ta hura, ta gwada zafinsa a kan tsumma tukuna. Sauran kayan gida da baki take fesa musu ruwa kamar yadda kowa yake yi, amma wannan ƙyalle da yatsu take yayyafa masa, wai bakinta bai isa ya taɓa shi ba. Ƙananan kofunan nan ma ita take wankewa, ta kife su a faranti, ta ƙirga. Gari ya waye, a idar da wa'azi, fasto ya ce waɗanda ba su cikin cikakken zumunci su dakata, sai Inna ta ja gyalenta ta fita ta zauna a gindin darbejiya har a gama. Shekara 36 tana haka.

Da Baba ya rasu, dalilin horon ya kau. Lokacin ban daɗe da zama dattijo ba. Na nemo sunanta a tsohon littafin da na gada, na ja masa layi da hannuna, na tafi gida da murna na ce, "Inna, an buɗe miki hanya, Lahadi mai zuwa za ki ci Jibi." Ta dube ni ta ce, "Ni? Ni wace ce?" Na ɗauka kunya ce za ta wuce. Ba ta wuce ba. Ta ƙara shekara 9 a gindin darbejiyar nan ba tare da wata doka ta hana ta ba. Mun goge sunanta a takarda, abin da muka yi shekara 36 muna rubuta mata a zuci bai gogu ba.

A watan Afrilu ta kwanta ciwon ajali, lokacin da zafin Garwa yake kan ganiyarsa, kwanon ɗaki yana ƙara da rana tsaka, kogin Binuwai ya janye ya bar rairayi. Da dare mukan fito da ita tsakar gida ina yi mata fifita. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, Tela take ce mini. Ta ce, "Tela, kai da kake zama da manya, kana ganin zai karɓe ni?"

Iyayena, ku ji amsar da dattijon ikilisiya ya ba uwarsa. Na ce, "Haba Inna, ke da kika share ɗakin Ubangiji shekara da shekaru? Ke da ba ki taɓa fasa ba da baiko a majami'a ba, kika riƙe 'ya'yan dangi, kika yi jinyar uwargida har ta cika a hannunki?" Ta girgiza kai a hankali ta ce, "Shara ce za ta biya?" Na buɗe baki in ƙara, na rasa abin ƙarawa. Gaskiyarta ce, shara ba za ta biya ba. Ni kuwa babu komai a hannuna sai lissafi, domin da shi nake auna kowa, da shi nake auna kaina.

Akwai wata tsohuwa a gefe, ƙawarta ta zumuntar mata, mai tuyar ƙosai, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ita ce ta matso ta kama hannun Inna ta ce, "Yaya, bar lissafin nan. Mai biya ya riga ya biya tun ba a haife mu ba. Ke dai buɗe hannunki." Washegari da yamma fasto ya zo a kan babur da Jibi a cikin 'yar jaka. Inna ba ta iya haɗiyar abu mai tauri, sai aka tsoma gutsuren burodin a ƙoƙon aka sa mata a harshe. Ta yi ta hawaye tana cewa na gode, na gode. Bayan kwana 2 ta rasu. A shekara 45, sau ɗaya ke nan.

Tun daga ranar nake komawa Luka 18. Luka ya ce Yesu ya ba da misalin nan na Bafarisiye da mai karɓar haraji da suka je Haikali yin addu'a ne domin waɗanda suka amince da kansu cewa su masu adalci ne, suna raina sauran mutane. Bafarisiyen bai yi ƙarya ba ko ɗaya. Yana azumi sau biyu a mako, yana fid da ushirin duk abin da ya samu. Ni ma ba na shan giyar bilbil, matata ɗaya, katin baikona cike da hatimi, duk gaskiya ne. Amma akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Duk ran da na buɗe littafin horo na rubuta sunan wani, ina jin wani sanyi-sanyi a ƙirji, kamar an ce mini kai dai ka tsira. A fuska ina nuna baƙin ciki, a ciki ina gwada tsawo da shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na taka alkawarin gobe da jibi da nake yi wa masu kawo ɗinki alhali na san ba zan cika ba, na taka zafin raina da nake saukewa a kan yaran shago, na hango cikin 'yar wani.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, ciwona da na Inna iri ɗaya ne. Mu biyun mun yarda cewa tebur ɗin nan da ciniki ake kaiwa gare shi. Ni na ƙirga na ga kuɗina ya kai, ita ta ƙirga ta ga nata ya gaza. Ƙirgarta ce ma ta fi tawa gaskiya. Mai karɓar harajin nan ya tsaya daga nesa kamar ita, ya kasa ɗaga ido kamar ita, ya ce, "Ya Allah, ka yi mini jinƙai, ni mai zunubi." Yesu ya ce shi ne ya koma gida baratacce. A ranar ya koma, ba a ce ya zauna a baya wata 6 a ga kamun ludayinsa ba.

Akwai ayar da muke karantawa kusan kowace ranar Jibi, 1 Korintiyawa 11:27-29, a kan wanda ya ci gurasar ko ya sha ƙoƙon da rashin cancanta. Mukan karanta ta da murya mai nauyi, mu ɗago ido mu dubi baya. Ina roƙonku ku koma aya ta 17 ku fara daga can. A Korinti mai abin hannu ne yake riga ci, ya ƙoshi har wani ya bugu, ga ɗan'uwansa a gefe da yunwa. Bulus ya tambaye su ko raina ikilisiyar Allah suke yi, suna kunyata waɗanda ba su da komai. Ya rufe maganar da cewa in sun taru don ci, su jira juna. To, wa aka yi wa gargaɗin? Mutanen bencin gaba. Sandar da aka yanko dominmu ita muka juya muke dukan na baya da ita. Aya ta 28 ma cewa ta yi mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci. Ba ta ce wani ya gwada shi a bakin ƙofa da kati a hannu ba.

Abin da ya fi ba ni kunya, wannan koyarwa tana cikin gadonmu. Da yawa daga ikilisiyoyin yankin nan sun samo asali ne daga aikin mishan na Lutheran. Amurkawa sun fara a ƙasar Adamawa a 1923, 'yan Norway suka iso Ngaundere a 1925. A ajin baftisma an koya mana ƙaramin littafin tambaya da amsa da Martin Luther ya rubuta a 1529. A babin Jibi an yi tambaya, wane ne ya cancanci ya ci? Amsar ita ce, azumi da shirya jiki horo ne mai kyau na waje, amma wanda ya cancanta da gaske shi ne mai gaskata maganar nan cewa dominku aka bayar, dominku aka zubar, don gafarar zunubai. Ina ɗan shekara 13 na haddace wannan. Na zauna gefen Inna da mafici a hannu, bai zo bakina ba.

Shi kansa Luther ya san zaman gindin darbejiya. Ya shiga gidan sufaye a Erfurt, a Jamus, a 1505. Yakan je furta zunubi ya kwashe sa'o'i, wani lokaci har 6, ya fito ya tuna abin da ya manta ya koma. Shugabansa Staupitz ya yi ta ce masa ya bar duban kansa ya dubi raunukan Almasihu. Sai da ya sha fama da Romawa 1:17 kafin ya gane cewa adalcin Allah da ake faɗa a wurin kyauta ce da Allah yake ba mai bangaskiya. Da ya fito da batutuwansa 95 a 1517, abin da ya tayar masa da hankali takardu ne da ake sayar wa mutane da sunan sassauta hukuncin zunubi. Yau maganar ta wuce rigimar ɗariƙa. Ran 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, cocin Katolika da tarayyar Lutheran ta duniya suka sa hannu a kan cewa da alheri kaɗai Allah yake karɓarmu, ta bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don wata cancanta tamu ba. Da Luther ya rasu a 1546 aka sami 'yar takardar da ya rubuta a ƙarshe, tana cewa mu mabarata ne, wannan gaskiya ne. Abin da mai ƙosai ta gaya wa Inna ke nan, ba ta kuwa taɓa jin labarin Erfurt ba.

To, yaya aka yi muka mai da katin baiko takardar shiga Jibi? Da idona na ga wani ɗan dako, mai loda buhunan albasa a tasha, ya yi wanka ya sa rigarsa ɗaya tak mai kyau, wadda ni na ɗinka masa. Mai duba kati ya juya katin ya ga wata 3 babu hatimi, ya ce masa a hankali, "Ɗan'uwa, sai wata mai zuwa." Kuɗin bai kai sefa 2,000 ba, matarsa kuwa ta kwana asibiti a daminar. Ya ce, "To," ya mai da katin aljihu ya koma baya. Ina tsaye ban ce uffan ba. Na san ikilisiya tana bukatar kuɗi, ga albashin fasto, ga kwano, ga wuta. A neme shi ta kowace hanya mai kyau, ban da bakin wannan tebur.

Ku buɗe littattafan horonku ku duba. A nawa, yawancin sunayen na mata ne, laifuffukan kuwa ba su wuce uku ba: ciki, bilbil, aure na biyu. Laifin da ido yake gani ke nan. Yarinya ta yi ciki, ita take tsayawa gaban jama'a ranar Lahadi tana kallon ƙasa ana sanar da laifinta. Wanda ya yi mata yana cikin 'yan kiɗa, ko ya tafi Duwala sai ƙura ta lafa. Sau nawa muka karanta Yahaya 8? Matar da aka kama tana zina ita kaɗai aka jawo, alhali Littafin Firistoci 20:10 ya ambaci namiji da mace duka. Gwauruwa ta dafa bilbil don ta biya wa 'ya'ya 4 kuɗin makaranta, muka sa ta a horo, babu wanda ya tambaye ta me za su ci gobe. Ba wanke bilbil nake yi ba, na ga gidajen da ya rusa. Amma mutumin da yake sayen dawa da arha da kaka ya ɓoye, ya ba manomi buhu ɗaya a watan Agusta a kan zai karɓi biyu, ban taɓa rubuta sunansa a littafin horo ba. A jerin waɗanda suka ba da siminti na rubuta shi. Mai gulma, mai cin gumin lebura, mai dukan matarsa a ɗaki, da wanda ba zai ba ɗan wani yare 'yarsa ba ko da baftisma ɗaya ce ta wanke su, duk suna miƙa hannu hankali kwance. Ba ƙarin bencin baya nake nema ba. In da za a zaunar da kowa gwargwadon laifinsa, gaba za ta zama wayam, har da kujerata.

Akwai kuma wata maganar da ta fi wannan ciwo. Bayan da Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram a watan Agusta 2014, dubban mutane suka tsallako duwatsun Mandara, da yawa suka ƙare a sansanin Minawao kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013. Musulmi da Kirista duka sun sha wuya, an kashe limamai kamar yadda aka kashe fastoci. Wasu suka gangaro har Garwa suka cika mana sujadar Hausa. A cikinsu akwai wata mata da ta yi watanni a hannun 'yan bindiga. An ɗora mata bindiga a ka 'ya'yanta suna kallo, aka ce ta yi musun Almasihu, ta yi. Ta kuɓuto da jariri a baya wanda ba na mijinta ba. Babu wanda ya sa ta a horo, ita ta kai kanta bencin baya. Amma da kunnena na ji ana raɗa, wai ai wasu sun gwammace wuƙa. Haka ne, wasu sun gwammace wuƙa, muna kuma girmama jininsu. Sai dai masu raɗar babu wanda ya taɓa jin bakin bindiga a goshinsa.

Afirka ta taɓa shan wannan muhawara. A shekara ta 303 sarkin Rum Diyokilishiyan ya ba da umarni a ƙone Littattafai Masu Tsarki, wasu shugabannin ikilisiya a Arewacin Afirka suka miƙa su don tsoro. Da tsanani ya wuce, mabiyan wani bishop mai suna Donatus suka ce ikilisiya ta tsarkaka ce kawai, duk wanda irin waɗannan shugabanni suka yi wa baftisma sai an sake masa. Rabuwar ta yi tsawon da har a 411 bishop-bishop fiye da 500 suka zauna a Kartaj a kanta. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya tsaya a kan cewa ikilisiya gona ce mai alkama da ciyawa har ranar girbi, baftisma kuma ta Almasihu ce, ba ta rataya ga tsarkin mai yin ta ba. Tun kafin su duka, Bitrus ya yi musu sau 3 yana jin ɗumin wuta, ba kuwa takobi aka zare masa ba, baranya ce ta fara tambayarsa. A Yahaya 21 sai ga wata wutar gawayi a bakin teku, da kifi a kai, da gurasa, Yesu yana cewa su zo su karya kumallo. Sai da Bitrus ya ci tukuna aka tambaye shi, "Kana ƙaunata?" Aka kuma damƙa masa tumaki.

Na san abin da wasunku za su ce, domin ni ma na daɗe ina faɗarsa: in aka saki linzami kowa zai yi abin da ya ga dama, sunan Almasihu ya zube a idon maƙwabta. A unguwanni da yawa mu tsiraru ne, ana kallonmu. Damuwa ce ta gaskiya, ba na raina ta. Bulus ma ya yi tambayar a Romawa 6, ko mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita, ya ce ko kaɗan. Horo yana cikin Littafi. Amma Matiyu 18 ya fara ne da kai da shi ku biyu, mu kuwa mukan fara da sanarwa, wadda ita ce ta ƙarshe. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya faɗi da tawali'u, kana lura da kanka. A 2 Korintiyawa 2:6-8 Bulus ya ce wa ikilisiya horon da aka yi wa mutumin ya isa haka, su yafe masa su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. A littafina akwai gurbin ranar da aka sa mutum a horo, babu gurbin ranar da wani ya taka ya je gidansa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A shekaruna 11 abin da na ga bencin baya ya fi koya wa mutane shi ne ɓoyo. Na san yarinyar da ta sha abin da ya kusa kashe ta don tsoron tsayuwar Lahadi. Waɗanda na ga sun juyo da gaske, sai ka tarar wani ne ya je ya zauna a tabarmarsu ya ci tuwonsu.

Iyayena, ga roƙona. Ku raba kati da tebur, tun daga wata mai zuwa in zai yiwu, wannan ba ya bukatar dogon taro. Duk sunan da za a rubuta a horo, a rubuta gefensa ranar da za a sake zama a kansa, da sunan dattijo ko uwa daga zumuntar mata da za ta riƙa leƙa shi. A daina tsai da yarinya ita kaɗai gaban jama'a. Batun auren mace fiye da ɗaya kuwa, ba koyarwa nake neman ku sauya ba, tambaya ce ɗaya nake so ku zauna a kanta: yarinyar da aka kai ba da yardarta ba, wane irin tuba muke jira daga gare ta? Ta bar 'ya'yanta ta tafi ina? In kuma an maido da mutum, a maido shi gaba ɗaya. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, wannan maganar kasuwa ce, kada ta shigo majami'a. Ɗan nan na Luka 15, wanda ya lalatar da gadonsa ya dawo gida, ya shirya zai ce a ɗauke shi kamar ɗan ƙodago, uban bai bari ya kai nan ba ya ce a kawo riga da zobe da takalmi. Ina tuna cewa uban ya sake fita waje karo na biyu, ya je ya lallashi wan da ya ƙi shiga don fushi. Ni ne wan nan, kuma da wannan fitowa ta biyu nake rayuwa yanzu.

Ku ma 'yan'uwana na baya, da na gindin bishiya, da waɗanda suka daina zuwa, ina neman gafararku, musamman waɗanda hannuna ne ya rubuta sunayenku. Afisawa 2:8-9 taku ce, Romawa 5:8 taku ce: tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu.

Matar nan ta Gwoza tana nan har yanzu. A wurin Inna take zama, gefen randa. Ni da maiɗakina mun koma can kusa da ita, ranar Jibi mu ne na ƙarshe a layi, tun da an ce mu jira juna. Kowane wata maiɗakina takan taɓa hannunta ta ce, "Ƙanwata, mu je?" Da farko a'a take cewa, ko ɗago kai ba ta yi. Watan jiya ta ce, "Tukuna dai, Yaya." Jibi na gaba Lahadin farko na wata ne. Baba Fasto, ina roƙonka, in ka ga layi ya ƙare, kada ka yi saurin mai da ƙyalle a kan faranti.

Ɗanku cikin Almasihu,
wani tela a Garwa